Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Sharhi Kan Wani Tsohon Fim Na Nijar



Na san akwai masu cewa me ya haɗa mai jan salla da sharhin fim. To, fim dai ya riga ya shigo gidajenmu, yana cikin aljihun kowane yaro, kuma abin da ya shigo gida dole mai gida ya san launinsa. Wanda zan yi magana a kansa yau tsoho ne tukuf, ya girmi yawancin masu karanta wannan mujalla, kuma da wuya ka sami mutum ɗaya a Kagarko ko Jere ko Kubaca da ya taɓa jin sunansa. Tsawonsa minti 34 ne kacal. Amma a cikin wannan ɗan lokaci ya faɗi wata magana game da samari da iyayensu wadda finafinanmu na yau masu kashi ɗari ba su faɗa ba.

Sunansa da Faransanci Le Retour d'un aventurier, wato Dawowar Ɗan Yawon Duniya. An yi shi a Jamhuriyar Nijar a 1966, shekara shida bayan ƙasar ta karɓi mulkin kai daga Faransa. Wani kamfanin Faransa mai suna Argos Films ne ya ɗauki nauyinsa, kuma a cikinsa za ka ji Hausa, za ka ji Faransanci. Idan aka tuna cewa fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu sai a 1976 ya fito, Turmin Danya na Kano kuwa sai a 1990, za a ga cewa maƙwabtanmu sun riga mu tashi da asuba a wannan fage.

Wanda ya yi shi

Mustafa Alhassan, wanda 'yan Nijar ke rubutawa Moustapha Alassane, an haife shi a 1942 a garin N'Dounga kusa da Yamai. Asalinsa makanike ne. Ya koyi aikin kyamara a Yamai wajen Bafaranshen nan Jean Rouch, daga baya ya je Kanada ya ƙaro ilimin fim ɗin zane wajen Norman McLaren. Ya yi Aouré a 1962 a kan al'adun aure, ya yi Bon voyage Sim a 1966 inda ya yi wa shugabannin Afirka shaguɓe da kwaɗi, sannan a 1972 ya yi FVVA, wanda haruffan sunansa ke nufin mace, gida, mota, kuɗi. Ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Tawa, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Allah Ya jiƙansa. Duk wanda ya dubi jerin ayyukansa zai ga mutum ne mai son ba da dariya, amma dariyar tasa irin ta kaka ce, tana yi tana ja maka kunne.

Labarin

Wani saurayi, Jimi, ya dawo ƙauyensu daga Amurka. Ya zo da akwati cike da tsaraba, ya tara abokansa ya buɗe. Me ke ciki? Kayan kaboyi: malafa mai faɗin baki, riga da wando, takalmi sau-ciki, ɗamara da bindiga. Kowa ya tuɓe rigarsa ta gida ya sa nasa. Daga nan sai suna ma ya canja. Babu sauran Ibrahim, babu Bubakar, babu Kali. Wannan ya zama Black Cooper, wancan James Kelly, wani Casse-Tout, ma'anarsa mai fasa komai. Yarinya ɗaya da ke cikinsu ta zama Reine Christine, wato Sarauniya Kiristin.

Suka hau dawaki suka shiga daji suna sukuwa, suna kwaikwayon abin da suka gani a silima. Da farko wasa ne. Sannu a hankali aka shiga caca da shan giya da dambe, aka shiga taɓa dabbobin mutane, aka daina ganin girman furfura. Ƙauye ya rikice, dattawa suka fusata. Ƙarshenta kan ƙungiyar ya rabu, bindigar da aka ɗaura don ado ta juyo kan masu ita, jini ya zuba.

Labarin ke nan, ba shi da kwana-kwana. Daɗinsa yana wajen yadda aka ɗora shi.

Inda ya yi kyau

Abu na farko da ya burge ni shi ne hanyar da fitina ta shigo garin. Ba Bature ne ya kawo ta ba, ba soja ba ne, ba baƙo ba ne. Ɗan gari ne ya kawo ta cikin akwati, da kyakkyawar niyya, a matsayin tsaraba, aka kuma karɓa da murna. Jimi ba mugu ba ne. Yaro ne da ya je ya ga duniya, yana so abokansa su ɗanɗana. Da a ce Alhassan ya yi shi azzalumi mai jajayen idanu, da kowane uba ya kalla ya ce to ni ɗana ba haka yake ba, ya juya ya yi barcinsa. Da ya yi shi mai fara'a da kyauta, sai ya hana mu wannan mafaka. Mu fatake ya kamata mu fi kowa jin wannan, domin mu ne masu tafiya mu dawo da akwati. Mutum ya kai citta Kano ko Legas, ciniki ya yi kyau, ya sayo wa yaro ɗan shekara 13 babbar waya, ya miƙa masa, bai tambayi me za a kalla a ciki ba, da wa za a yi hira da tsakar dare. Akwatin Jimi ke nan, ya dai ƙanƙance har ya shiga aljihu.

Abu na biyu, maganar suna. A wajenmu suna ba abin wasa ba ne. Ran bakwai ake tara jama'a, a yanka rago, a yi addu'a, a raɗa. Sunan nan igiya ce da ta ɗaure yaro da kakansa ko malamin ubansa. A fim ɗin, ana sa malafa ana jefar da suna, kuma daga lokacin ne yaran suka iya aikata abin da da ba za su iya ba. Ibrahim ba zai ɗaga wa dattijo murya ba, don dattijon ya san ubansa, ya ci naman sunansa. Amma James Kelly ba shi da uba a garin, ba shi da kaka, babu wanda zai ji kunya. Wannan hikima ce babba, kuma mai fim ɗin bai sa kowa ya tsaya ya yi mana wa'azinta ba. Ya nuna kawai ya wuce.

Kada a ɗauka ƙirƙira ce ta mai fim. A Kinshasa, a shekarun 1950, an yi samari da ake kira Bills, daga sunan Buffalo Bill na finafinan kaboyi, suna shiga irin ta kaboyi suna riƙe unguwanni. A kwanan nan ma, a 2021, wata 'yar Damagaram, Aïcha Macky, ta yi fim na gaskiya mai suna Zinder a kan samarin unguwar Kara-Kara, unguwar da asalinta ta kutare ce. Wata ƙungiyarsu sunanta Hitila, har da tutarsa, kuma a cikinsu akwai mai zaton Hitila wani jarumin Amurka ne da ba a cin galabarsa. Shekara 55 tsakanin fim ɗin Alhassan da na Aïcha, amma ciwon guda ne: yaron da bai ga abin alfahari a sunan gidansu ba zai ari na wani, ko da bai san mai shi ba. Ku saurari sunayen da yaranmu ke kiran junansu da su a majalisa da tashar achaba, za ku ji irinsu.

Abu na uku, hoton kansa. Akwai inda za ka ga 'yan kaboyin nan suna sukuwa a daji ga raƙuman dawa a gefe. Ba wanda ya ce uffan, amma dariya za ta kama ka, domin ƙasar da kanta tana ƙaryata su: malafa ta Amurka, daji na Nijar. Zanen aro ke nan, ba ya rufe katara. Sai dai Alhassan ya yi adalci, bai mai da su wawaye ba. Wallahi suna da kyau a kan dawakin nan, kayan sun karɓe su, kuma mai kallo yana jin daɗin sukuwar kamar yadda su ke ji. Da haka ya nuna mana gaskiyar da manya ke mantawa, cewa ɓata tana da daɗi a farkonta. Wanda zai ja yaro daga wani abu, in bai yarda abin yana da zaƙi ba, yaron zai ce tsoho bai san komai ba, ya toshe kunne.

Na huɗu, yadda dariya ke rikiɗa. Kana cikin murmushi ba ka ankara ba sai ka ga an wuce gona da iri. Babu wani wuri guda da za ka nuna ka ce a nan ne wasa ya ƙare. Duk wanda ya taɓa zuwa belin yaro a caji ofis ya san haka abin yake. In ka tambayi iyaye yaushe ya fara, sai su yi ta lissafi su kasa.

Inda ya gaza

Duk da haka ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Fim ɗin ya daɗe a daji, bai daɗe a cikin gida ba. Mun ga yaran a kan doki, mun ga fushin dattawa, amma ba a zaunar da mu a tsakar gidan ko ɗaya daga cikinsu mun ga me ya tarar da safe kafin ya fita ba. Uwarsa tana ɗakinta ko an sake ta? Ubansa yana magana da shi ko sai in zai aike shi? Yana da gona tasa, yana da sana'a, yana da ranar aure? Saboda wannan giɓi, mai kallo zai iya tashi da fahimtar cewa laifin duka na akwati ne, a ƙone malafa gari ya zauna lafiya. Alhali sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwati ɗaya ba ya rusa garin da gidajensa ke tsaye.

A nan wani fim na Faransa ya fi shi zurfi. A 1959 François Truffaut ya yi Les Quatre Cents Coups, a kan wani yaro ɗan birnin Paris mai suna Antoine. Shi wannan kyamararsa cikin gida ta tare. Ɗaki ƙunci, uwa ba ta da lokacinsa, mijin uwar ba shi ne ubansa ba, da dare yana jin faɗansu. Ya gudu daga makaranta, ya hango uwarsa a titi da wani namiji. Da malami ya tambaye shi dalilin fashi, sai ya ce uwarsa ce ta mutu. Ya saci tafireta a ofishin mijin uwar, ya kasa sayarwa, garin mayarwa aka kama shi, mijin uwar da kansa ya kai shi wajen 'yan sanda. Aka tura shi gidan horon yara, ya tsere ana cikin ƙwallo, ya yi ta gudu har bakin teku, nan fim ya tsaya. Ka ga a wannan, kafin yaro ya yi sata an riga an nuna maka abin da aka sace masa. Na Truffaut ya sami lambar yabo a bikin Cannes, duniya ta san shi. Na Alhassan ya kwanta a ma'ajiya. Da za a haɗa daji na wannan da tsakar gida ta wancan, da an sami cikakken hoton abin da ke damunmu.

Ƙorafi na biyu, yarinyar. An sa ta cikin maza da wando da bindiga, amma ba a ba ta bakin faɗin abin da ya fitar da ita daga gida ba. Ga duk wanda ya san ƙauye, fitar budurwa ta fi fitar samari biyar girgiza gida, kuma dalilinta kan bambanta da nasu. Fim ɗin ya bar wannan ƙofa a rufe. Abin tausayi, wadda ta fito a matsayin, Zalika Souley, ita ta biya kuɗin. Tana cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a Nijar, mutane suka kasa raba ta da rawar da take takawa, aka yi ta jifanta da miyagun kalamai. Daga baya har aikatau ta je yi a Amurka. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim mai suna Al'lèèssi, kuma ta rasu a 2021. Ko mutum yana ganin fitowar mace a fim daidai ne ko ba daidai ba, yanke wa baiwar Allah hukunci da abin da ba ta aikata ba zalunci ne, kuma har yau ana yin sa.

Na uku, in faɗa tun da wuri don kada wani ya ce liman bai gaya masa ba: akwai giya da caca a ciki, akwai shigar da ba ta dace ba. Ba a nuna su don a yaba ba, amma suna nan. Sautin ma na da ne, wani wuri sai ka kasa kunne sosai.

Idan aka gwada shi da finafinan Kano kuwa, akasin juna suke. Su kullum suna cikin falo, ga kishiya ga uwar miji ga saki, amma yaron da ya lalace sai a kawo shi a lalace, a ƙarshe ya yi hatsari ko ya haukace, ya yi kuka, a rubuta darasi. Alhassan bai raina hankalin mai kallo haka ba.

Me ya shafe mu a Kagarko

Yanzu mu dawo gida. Muna bakin Abuja. Yaro in ransa ya ɓaci da safe, kafin azahar yana Bwari ko Zuba, jibi ka ji shi a Mararraba yana achaba ko bola. Cutar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 a nan da Kaciya da Jaba ta karya manoma da 'yan kasuwa, ta kuma ɗauke ɗan aikin yanka da shanya da lodi da samari ke samun na kashewa da shi. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma wanda ya ce ƙwaya ta bar hannun yara bai zaga bayan kasuwa da magariba ba. Ga kuma dajin da ke kewaye da mu da hanyar Kaduna zuwa Abuja, kowa ya san irin masu riƙe da bindiga a ciki, da yawansu yara ne da gemu bai fito musu ba. A 1966 bindigar Jimi tsaraba ce. Yau akwai masu raba ta da gangan, suna neman yaron da ba shi da wanda zai tambayi inda ya kwana.

Akwai wani nauyi kuma da ke kanmu wanda babu shi a ƙauyen fim ɗin. Su gari ɗaya ne, yare ɗaya, ɓarnar 'ya'yansu a kansu ta tsaya. Mu kuwa muna zaune da maƙwabta, Koro da Gbagyi da sauransu, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. In yaronmu ya ɗauki akuyar wani ko ya zagi dattijon wani, ba za a ce ɗan wane ba ne, za a ce yaran Hausawa ne, kamar yadda mu ma in nasu ya yi mukan yi jam'u. Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tune da cewa rikicin Kafancan na Maris 1987 tsakanin ɗalibai ya faro a kwalejin horon malamai, kafin ya ci garuruwa har Zariya da Kaduna. Na 2011 kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. Don haka tarbiyyar yaro a unguwa irin tamu ba ruwan gidansu kaɗai ba ce, katangar kowa ce.

Kuma tunda fim ɗin bai shiga tsakar gida ba, mu sai mu shiga da kanmu. Yawancin ƙarar da ake kawowa zaure bayan sallar isha'i a kan yaro, in ka bi sawu sai ka tarar da ɗaya cikin biyu. Ko dai an saki uwarsa an bar shi hannun matar uba ko kaka tsohuwa, uban kuma ya ɗauke hannu daga ci da sha da kuɗin makaranta kamar da uwar aka haɗa aka saki ɗan. Ko kuma uban yana nan da aurensa amma kullum yana hanya, in ya dawo ba abin da ke haɗa su sai tsawa. Shari'a ba ta sauke ciyarwa daga wuyan uba don aure ya mutu ba. Kuma duk ɗan Islamiyya ya karanta Suratu Luƙman, ya ga uba ya zaunar da ɗansa yana yi masa magana da lafazin tausasawa. Zama ne da magana, ba aike da bulala kaɗai ba.

Hukuncina

Fim ne mai kyau wanda bai cika ba. Ya gano yadda ɓata ke shigowa da yadda take zaƙi da yadda take ƙarewa, ya bar mana tambayar me ya sa ta sami wuri. Ni a wayar wani abokin ciniki mutumin Tawa na kalle shi, kuma ina ganin ya cancanci a nemo shi. Shawarata ga ƙungiyar matasan unguwa, su samo shi su haska wata ranar Asabar bayan la'asar, a gayyato iyaye maza su zauna tare da samari, a sami mai jin Faransanci ya riƙa fassara. Ƙananan yara a bar su a gida. In an gama kada dattawa su karɓe magana, a bar samarin su fara faɗin wanda suka ga ya yi laifi, za a ji abin da ba a zata ba.

Kafin nan, ga ɗan aiki ga kowane uba da ya karanta wannan. A daren yau ka tambayi ɗanka sunan da abokansa ke kiransa da shi, da wanda ya raɗa masa, da dalili. Ka tambaya da sakin fuska, ba da sanda a hannu ba. In ka riga ka sani, ka gode wa Allah. In ba ka sani ba, to akwai wani yaro da ke kwana a gidanka wanda ba ku gaisa ba tukuna, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwa da gona, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin. Wassalamu alaikum.